Wata Biyar Ba a Buɗe Durom Ba

Saje Haggai ya yi shekara ashirin da biyu yana soja, kuma ban da ciwon gwiwa abu guda ya dawo da shi garinsu Dabai, kusa da Zuru: in aka ba shi oda, magana ta ƙare. Sai dai tun da ya tuɓe kaki babu wanda ya isa ya ba shi oda a garin. Fasto ma in yana son wani abu sai ya bi ta wajen matarsa Beatrice. Mutum ɗaya ce tak in ta ce zauna yake neman kujera, ita ce ɗiyarsa Glory, wadda ke shekara ta biyu tana karatun aikin gona a wata kwaleji can Zariya.

Zuriyarsu gida tara ce daga kaka ɗaya. Wasu coci suke zuwa, wasu masallaci, amma wake iri ɗaya suke shukawa a ƙarƙashin dawa. Fari ne mai ɗigon ja a baki, shi ya sa suke ce masa Jan Hanci. Yana yi a tsakanin duwatsu inda wani waken ba ya ko ɗaga kai, kuma kafin mace ta gama tuƙa tuwo ya nuna. Ka zagaye kasuwar Zuru kaf ba za ka samu mudu ɗaya ba. A da akwai 'yan uwa a wajen Wasagu da ke da shi, to 'yan bindiga sun tashe su, rumbunansu sun ƙone, sun dawo Zuru suna zaman haya. Abin da ya rage na Jan Hanci shi ne na Dabai.

Dokar gidan tun zamanin kaka a fili take. In an yi girbi, kowane gida ya zaɓi mafi kyau ya kawo wa mai riƙon iri, don na cikin gida kafin damina an cinye shi ko ƙwari sun gama da shi. Mai riƙo ya cuɗa da toka, ya zuba a tukwane, ya liƙe da laka. In watan uku ya kama, ya fito da shi kan falalen dutsen da ke bayan gida ya shanya a gaban kowa, a duba, a sake toka. Ruwa na sauka a raba. Alamar riƙon wani tsohon ƙoƙo ne baƙi wuluk wanda da shi ake awo, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan yana rataye a ɗakin Saje.

Bara abin ya ɓaci. Da aka fasa tukwanen, rabin waken ƙwari sun huda shi, kowace ƙwaya da tagoginta. Gonaki suka fito giɓi-giɓi. Malam Aaron, ɗan baffan Saje, tsohon malamin firamare kuma sakataren coci, bai tare shi da maganar ba. Amma duk inda aka zauna sai ya san yadda ya yi ya kawo zancen cewa riƙon iri aikin mai tunani ne, ba aikin mai fareti ba.

Da Glory ta zo hutun Kirsimeti, ta tarar da ubanta yana tankaɗe toka a tsakar gida, fuskar nan kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ta tsuguna ta gaishe shi, ta ɗebi waken ta duba a tafin hannu.

"Baba, bana a bar tokar nan."

"A sa me? Ƙwayar maganin nan mai wari? Ba na sa guba a irin kakana."

"Ba magani. Durom za mu saya."

Washegari suka hau babur sai shagon Obinna a Zuru. Glory ta bi duroman roba ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa, tana shinshinawa, tana ɗaga su wajen rana ko akwai huda, har ta zaɓi wani shuɗi mai murfi da zoben ƙarfe.

"Oga Saje, ruwa za ka tara?" in ji Obinna.

"Wake."

Obinna ya miƙo gwangwanin magani. Glory ta ce ba sa so.

"Wake ba magani? Saje, wannan yarinya zai kashe maka kaya fa."

"In ta kashe, nawa ne ko naka? Ɗaure mini a babur."

Ba a zuba waken ranar ba. Glory ta samo busasshiyar kwalba, ta zuba gishiri da wake cikin hannu ɗaya, ta rufe ta girgiza ta ajiye. Da aka jima gishirin ya manne a jikin kwalbar. Ta ce waken bai bushe ba, a mayar kan dutse. Saje ya ciji ƙwaya ɗaya, ta yi ƙas a haƙorinsa, ya san a wurinsa wannan busasshe ne. Bai yi musu ba, ya kwashi tabarmi. Malam Aaron da ke wucewa ya tsaya ya gyara tabarau.

"Saje, miyar kwalba ake koyarwa a Zariya yanzu?"

"In ta nuna za a kawo maka ɗanɗano, Malam."

Kwana uku aka ƙara a rana. A na huɗu gishiri ya zube ƙasan kwalba wasai. Suka cika durom har wuya, suna jijjiga shi don waken ya zauna. Glory ta roƙi ubanta ya yanko mata roba daga tsohuwar tayar babur, ya tafi neman wuƙa. Da ya dawo ta shimfiɗa robar a bakin, ta danna murfi, ta ɗaure zoben, ta bi gefen da narkakken kyandir. Sannan ta miƙe ta kaɗe hannu.

"Baba, ƙwaro ma numfashi yake yi kamar ni da kai. In iskar ciki ta ƙare, ko ashana ka kunna a ciki ba za ta ci ba. Amma in aka buɗe ko sau ɗaya, an ba su rai, aiki ya koma farko. Kar a buɗe sai ranar rabo."

"Ranar shanya fa?"

"Ko ranar shanya."

"In Gwaggo Rahmatu ta ce a buɗe?"

"Ko Gwaggo."

"Fasto fa?"

"Fasto ya yi addu'arsa daga waje, za ta shiga."

Saje ya haɗa ƙafa, ya sara mata. Beatrice da ke bakin murhu ta ce, "Ni shekara ashirin da shida ina magana a gidan nan, ko sau ɗaya ba a taɓa sara mini ba."

Bayan sabuwar shekara Glory ta koma makaranta. Saje ya gangara da durom ɗin cikin ɗakin ajiya, ya ɗora shi a kan katako, ya sa kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Kwana biyu da tafiyarta, da safe, ya kara kunne a jikin robar. Can ciki wani abu na yin ƙas-ƙas-ƙas a hankali. Ya fita da sauri ya hau tudun da waya ke kamawa.

"Glory, akwai abokan gaba a ciki. Da kunnena na ji motsinsu."

"Na sani, Baba. Da ƙwansu suka shigo tun daga gona. Sauran iskar suke shaƙa."

Saje ya gyaɗa kai. "Wato kewaye aka yi musu. An tare hanyar abinci da ruwa."

"Hanyar iska dai. Kai kar ka buɗe musu ƙofa."

To wannan yare ne da Saje ya iya. Kullum da safe sai ya je ya kara kunne. Motsin ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, wata safiya ya ji tsit. Sai dai shirun ma bai ba shi kwanciyar hankali ba, don ƙwaron da ya mutu da ƙwaron da ya ƙoshi duk shiru suke yi.

Watan uku ya kama. Ranar shanya gida tara suka hallara kan falalen dutse, maza da hulunansu, mata da faifai da rariya. Aka shimfiɗa wa Gwaggo Rahmatu tabarma a inuwar ɗorawa. Ita ce ƙanwar iyayensu maza, ita kaɗai ta rage a sahunsu, ta haura tamanin, kuma in ta yanke magana ba mai ƙarawa. Ana nan sai ga Saje ya fito hannu biyu babu komai, sai makulli na lilo a ƙirjinsa.

"Ina irin?" in ji Gwaggo.

"Yana cikin durom, Gwaggo. Bana ba shanya."

Wuri ya kaure. Wasu na magana da Hausa, wasu sun juya yarensu na C'lela don abin ya fi fita. Malam Aaron ya bari hayaniyar ta lafa, sannan ya miƙe kamar zai karanta sanarwa a coci.

"'Yan uwa, ni ba na faɗa da kowa. Tambaya nake. Kakanmu ya shanya, iyayenmu sun shanya. Yau an ce mu rufe ido saboda yarinyar da jiya-jiya na koya mata haɗa baƙi. Ba toka, ba magani, ba dubawa. In ƙwari na biki a ciki, wa ya sani?"

"Glory ta sani," in ji Saje.

"Glory na Zariya tana cin shinkafa. Mu ne a nan."

"Bara mun shanya, mun sake toka, mun duba da ido goma sha takwas. Me muka samu?"

"Mun samu rabi. Bana ƙila ko rabin ba mu gani."

Gwaggo ta buga sandarta a dutse. "Haggai, zo nan kusa, idona ba ya kai wa nesa." Ya zo ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta ciwo. "Ƙoƙon nan ba shi ya dame ni ba. In wanga wake ya lalace, gida tara mi za su shuka? Ina za mu sake samo shi?"

Saje ya ɗago kai ya dube ta.

"Gwaggo, babu inda za mu samo. Na sani. Ni ban yi boko ba, ban san abin da ke faruwa cikin durom ɗin nan ba. Amma na san ɗiyata. Tana shekara bakwai ta fasa mini rediyo, ba wanda ya gani, da ƙafarta ta zo ta faɗa. Abin da ba ta sani ba, cewa take ban sani ba. Wannan ta ce ta sani. Ni na tura ta karatu, na sayar da bijimina na tura ta. In zan tura ta ta koyo, ta dawo ta faɗa, in ce ban yarda ba, to me na aike ta yi?"

Malam Aaron ya ce, "Magana mai daɗi. To a yi sharaɗi. Ranar rabo in iri ya ɓaci, ƙoƙo ya bar ɗakinka."

"In ya ɓaci da kaina zan kawo maka, a ka."

Gwaggo ta dube su duka biyun ta tsuke baki. "An ji. Ku naɗe tabarminku. Amma Haggai, ka sani ba sunanka kaɗai ka zuba cikin robar nan ba."

Daga ranar sunansa ya koma Saje Durom. Wajen mai shayi in ya zauna sai wani ya ce, "Ranka ya daɗe, ya fursunonin? Sun ci abinci?" A coci matan dangi suka rage gaishe da Beatrice da fara'a. Wata rana da rana tsaka, ba kowa a gidan, ta same shi yana gyaran ƙotar fartanya.

"Baban Glory, ka ɗan ɗaga murfin nan ka leƙa mana. In da matsala mu san da wuri. Ba wanda zai sani."

"Ƙwarin za su sani."

"Ɗiyata ce ni ma, ba wai ban yarda da ita ba. Amma yarinya ce, tana iya kuskure."

"Tana iya yi. In ta yi, mu yi shi tare. Ba zan sara mata a gabanta in je in karya odarta a bayanta ba."

Beatrice ta yi tsaki ta tafi, amma daga ranar duk matar da ta kawo mata zancen durom sai ta ji abin da ba ta zo nema ba.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a ƙarshen watan biyar. Gwaggo ta sa ranar Asabar don rabon iri. Beatrice ta ce a kira Glory a sanar da ita, Saje ya hana. Yarinya na tsakiyar jarrabawa, ba zai ɗora mata durom a ka ba.

Ranar Asabar ba dangi kaɗai suka zo ba. Rabin unguwa ta hau dutsen, har Obinna ya rufe shago ya hawo babur don ya ga ƙarshen wake ba magani. Maza huɗu suka gangaro da durom. Saje ya saka tsohon takalminsa na soja. Ya kankare kyandir da wuƙa, ya kwance zoben. Sai ya tuna maganar ashana, ya ga bari ya nuna musu ilimi. Ya ɗaga murfin kaɗan, ya ƙyasta ashana ya zura. Ta mutu nan take. Ya ƙyasta ta biyu, ita ma haka.

"Kun gani? Ba iska!"

Sannan ya cire murfin gaba ɗaya. Kawuna suka taru. Wake fari fat, jan hancin nan na sheƙi kamar jiya aka sussuke shi. Saje ya tura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo daga ciki. Babu huda. 'Yan ƙwarin da suka fito a tafinsa duk sun bushe, ƙafafu a sama. Beatrice ta rangaɗa guɗa, matan da suka daina gaishe ta suka taya ta. Obinna na cewa, "Kai! Kai! Wannan yarinya!"

Malam Aaron bai yi guɗa ba. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta, ya ɗaga hannu.

"Ya yi kyau, ban musa ba. Na ci ne ko na shuka?"

Ya juya ya dubi jama'a ya ci gaba.

"Da idonku kun ga wuta ta mutu a ciki. Ƙwaro ya mutu a ciki. Iri abu ne mai rai. Abin da ya kashe wuta ya kashe ƙwaro, shi zai bar iri da rai? Wannan gawar wake ce mai kyan fuska. A dafa a yi alala, amma kar wanda ya wahalar da kansa ya kai gona."

Maganar ta shiga mutane, ta shiga Saje ma. Ya tsaya da kwalin ashana a hannu, ya ji kamar ya jefar da shi bayan dutse. Da hannunsa ya ba Aaron sandar dukansa. Kuma Glory ba ta taɓa yi masa bayanin wannan ba.

"A juye a tabarma tukuna," in ji Gwaggo. "Mu ga na ƙasa."

Aka kwantar da durom, wake ya kwararo. Sai ga wata farar leda a ƙulle ta gangaro tare da shi. Beatrice ta ɗauka ta kwance, takarda ce a ninke. Saje ya gane rubutun ɗiyarsa, ya kuma gane dalilin da aka aike shi yankan roba ranar nan. Shi karatunsa bai wuce lambar mota da sunansa ba. Gwaggo ta nuna Aaron da sanda.

"Ga malami. Karanta muna da ƙarfi."

Malam Aaron ya gyara tabarau ya gyara murya. "Baba, ina gaisuwa. In ana karanta wannan ranar rabo, to ka riƙe oda, na gode. Na san Baba Aaron zai ce..." Ya tsaya.

"Ci gaba," in ji Gwaggo. "Ko tabaran ya yi hazo?"

"...zai ce iri ya mutu saboda ba iska."

Dutsen ya ɗauki dariya. Obinna har da riƙe ciki. Malam Aaron ya jira dariyar ta lafa, ya ci gaba don ba yadda zai yi.

"Tambaya ce mai kyau, ni ma ita na yi wa malaminmu. Shi ya sa muka sha wahalar busarwa. Busasshen iri barci yake yi, iskar da yake nema kaɗan ce ƙwarai. Amma kar ku yarda da bakina. Baba Aaron da hannunsa ya zaɓi ƙwaya ɗari. A jera su a jiƙaƙƙen buhu, a naɗe, a ajiye a ɗakin Gwaggo, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Rana ta biyar a ƙirga. In waɗanda suka tsiro ba su kai tamanin ba, laifina ne, ba na Baba ba, kuma zan zo da kaina in tsaya a kan dutse in faɗa."

Saje ya miƙe ƙirji. "Ba za ta tsaya ita kaɗai ba. Malam, zaɓi."

Malam Aaron ya zaɓa, kuma bai yi wa kowa kara ba. Ya bi tabarma yana tsinto ƙanana da masu yamutsattsen baya. Aka jera goma-goma a buhu, aka naɗe, aka bi Gwaggo da shi har ɗakinta. Sauran waken aka mayar cikin durom.

Kwanakin nan biyar sun fi wa Saje watanni biyar ɗin tsawo. Ya tafi gona ya yi ta huɗa kamar mai faɗa da ƙasa. Tuwo ba ya wuce masa loma uku. A rana ta uku ƙafarsa ta kai shi ƙofar Gwaggo, wai ya zo gaisuwa, idonsa na kan lungun da buhun yake.

"Na amsa gaisuwar, juya," in ji ta. "Ka yi wata biyar ba ka leƙa durom ba, buhu ne zai kayar da kai? Aaron ma ya zo jiya da irin wagga gaisuwa, na kore shi."

Ranar Alhamis da hantsi aka koma dutse. Gwaggo ta sa aka ajiye buhun a gaban Aaron, ta ce wanda ya naɗe shi ya warware. Ya durƙusa ya fara warwarewa a hankali. Tun bai kai rabi ba buhun ya fara turjewa, don saiwoyi sun huda shi sun kama. Da ya buɗe duka, sai ga su tsaye cunkus, fararen saiwoyi, wuyan kowane a lanƙwashe, wasu har sun fara tura koren kai.

Malam Aaron ya ga ƙirga masu rai ɓata lokaci ne, sai ya bi layi-layi yana tsince waɗanda ba su motsa ba. Ya buɗe tafinsa.

"Huɗu."

"Miƙo nan," in ji Gwaggo. Ta kai su dab da ido, ta murza ɗaya. "Wanga ya tsage baki, makara ya yi. Uku."

"Casa'in da bakwai," in ji Aaron. Ya sake faɗa da ƙarfi, don malami ne, in lissafi ya fita ba ya ɓoye shi. "Casa'in da bakwai cikin ɗari, kuma ni na zaɓi munanan!"

Abin da Saje Haggai ya yi, har yau ana ba da labarinsa a Dabai. Ya manta da gwiwa, ya manta da shekaru. Ya buga ƙafa, ya ba kansa oda da muryar da ya bari a bariki, ya kama maci daga wannan bakin dutsen zuwa wancan, hannu na kaiwa kafaɗa, mata na guɗa suna tafa masa. Ya yi kwana ya dawo ya tsaya cak a gaban Gwaggo ya sara.

"Iri ya cika, Gwaggo. Ba wanda ya ɓace sai uku."

"Ɗauko ƙoƙonka ka yi aikinka, kafin ka karye muna a nan."

Ya ɗauko ya fara awo. Gidan Aaron ya fara aunawa, ya cika har yana zuba. Gida tara kowa ya samu cikakken rabonsa, abin da bara ba a gani ba, kuma wake bai ƙare ba. Saje ya dubi ragowar, ya ce a kawo buhu na goma. Wannan na 'yan uwan Wasagu ne da ke Zuru, sun samu aron gona a bayan gari, bana su ma za su ga Jan Hanci a ƙarƙashin dawarsu. Gwaggo ta ja mayafi ta goge ido, ta ce hayaƙi ne, alhali ba wanda ya hura wuta.

Malam Aaron ya ɗaure bakin buhunsa, ya matso.

"Saje, ara mini takardar nan in kwafa. Zan karanta wa zumuntar maza ranar Lahadi."

"Har da wurin sunanka?"

"Wannan layin zan tsallake." Ya ɗan yi tari. "Kuma in ta kira, ka tambayar mini yadda ake neman shiga makarantar. Jessica tawa bana take gamawa."

"Me zai sa in jira ta kira?"

Saje ya hau tudun waya, jama'a na biye da shi. Ya danna, ya sa a lasifika, ya ɗaga sama don kowa ya ji.

"Baba, ina kwana? Lafiya dai? Yanzu za mu shiga jarrabawa."

"Saje Haggai ke ba da rahoto. An buɗe. Abokan gaba duk sun mutu. An gwada ɗari, casa'in da bakwai sun tashi."

Aka ji ta yi ƙara can, har wata a kusa da ita na tambayar me ya faru. Sannan ta ce, "Baba, da gaske ba ka leƙa ba ko sau ɗaya?"

"Tambayi uwarki, ita ta so ta sa ni."

"Kai, Baban Glory!" in ji Beatrice.

"Baba Aaron yana kusa?"

"Ga ni, ɗiyata," in ji Aaron. "Kin kunyata tsoho a gaban jama'a."

"Yi haƙuri, Baba. Kai ka koya mana in an yi lissafi a sake dubawa."

Malam Aaron ya juya ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Ni na koya mata."

"An kira mu, Baba, sai na fito."

"Shiga ki gama da su," in ji Saje. "Akwai sabuwar oda?"

"A wanke durom, a kife shi a inuwa. Bana biyu za mu cika."

Da yamma, bayan Aaron ya kwafe ya dawo da takardar, Saje ya ninke ta yadda ya same ta, ya mayar cikin ledarta, ya saka ta cikin baƙin ƙoƙon, ya rataye a ƙusarsa. Sannan ya ɗebi ruwa da soso ya fita wanke durom.